Wa Ke Yanke Hukunci? Tarihin Shari'a a Bauchi, daga Gwaska zuwa Kotun Ƙoli

Duk wanda aka gurfanar a gaban shari'a bisa zargin laifi, tambaya biyu ce ke jiransa. Ta farko, ya aikata ko bai aikata ba? Ta biyu, in ya aikata, mene ne horonsa? A Bauchi, tun daga zauren alƙalin Sarki Yakubu har zuwa Babbar Kotun Jiha ta yau, alƙali ne ke amsa su duka biyun. A Ingila da Amurka kuwa, idan laifin babba ne, an raba aikin gida biyu. Mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar gari, waɗanda ake kira juri, su ke amsa ta farko, sannan alƙali ya amsa ta biyu. Amsar nan ta mutum goma sha biyu ita ce ainihin abin da Turawa ke nufi da kalmar verdict. Turawan Ingila sun mulki Bauchi shekara 58, amma ba su taɓa ɗora talakan Bauchi a kan wannan tsari nasu ba. Dalilin haka, da abin da ya tsaya a madadinsa, sai an koma can baya kafin a gane su.

Ingila, 1166 zuwa 1670

Kafin juri, mutanen Ingila da gwajin azaba suke neman gaskiya. A ɗora wa wanda ake tuhuma jan ƙarfe a tafin hannu, a naɗe hannun, bayan kwana uku a kwance. In ya kama hanyar warkewa an wanke shi, in ya ruɓe ya tabbata mai laifi. Ko kuma a ɗaure shi a jefa a ruwa: in ya nutse ruwa ya karɓe shi, in ya taso ruwa ya ƙi shi. Limaman coci ne ke yi wa ƙarfen da ruwan addu'a, don haka ake ɗauka Allah ne ya yi hukuncin.

A 1166 Sarki Henry na Biyu ya kafa doka cewa a kowace gunduma mutum goma sha biyu za su rantse a gaban alƙalan sarki, su ambaci waɗanda ake zargi da kisa ko fashi ko sata. Aikinsu ya tsaya ga nuna mutum, ƙarfe da ruwa ke ƙarasa sauran. Sai a 1215 babban taron coci a birnin Rum, ƙarƙashin Fafaroma Innocent na Uku, ya hana limamai sa hannu a gwajin azaba. Da limamai suka janye, gwajin ya rasa ƙafar tsayawa. Alƙalai suka waiga ga rantsattsun maƙwabtan nan, suka ce su faɗi ko mutumin ya aikata. Kalmar verdict ta fito ne daga tsohon Faransancin da ake shari'a da shi a Ingila tun bayan 1066, kuma asalinta a Latin shi ne faɗin gaskiya, wato abin da suka rantse za su yi.

Da farko ana zaɓen su ne saboda sun san mutumin, sun san abin da ya faru. A hankali abin ya juye, har ya zama sai wanda bai san komai game da shari'ar ba ake zaunarwa, ya ji shaidu daga farko. Ƙarfin tsarin ya tabbata a 1670. An kama William Penn da William Mead a Landan saboda sun yi wa'azi a kan titi ba bisa tafarkin cocin gwamnati ba. Juri suka ƙi cewa sun yi laifin da aka tuhume su. Aka kulle su kwana biyu ba ci ba sha, suka tsaya kan bakansu. Aka ci su tara, ɗayansu mai suna Edward Bushel ya ƙi biya, aka kai shi kurkuku. Babban alƙali John Vaughan ya sake shi, ya kuma yanke cewa ba a hukunta juri saboda amsar da suka bayar. Daga ranar talakan Ingila ya samu wata kariya da sarki kansa ba ya iya tsallakewa.

Ƙasar Bauchi kafin 1805

A ƙasar Hausa hanyar ta bi wani gefen daban. Wajen 1492 Shehu Muhammadu al-Maghili ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga masu mulki: ya naɗa alƙalai masu ilmi, ya zauna ya ji kukan mai rauni da kansa, kada ya ɓuya wa talakawansa. Wannan a rubuce yake, yana nan har yau.

Ƙasar da ta zama Bauchi kuwa ba ta bar mana takardun shari'a na wancan zamani ba. Gerawa da Jarawa da Sayawa da Warjawa da sauran al'ummomin duwatsu, kowace da sarkinta da dattawanta. Abin da ake faɗa, wanda Turawan farko suka ji daga bakin tsofaffi suka rubuta, shi ne dattawa ke zama su sasanta rigimar gona da ta aure. In magana ta gagara, musamman zargin maita ko kisan ɓoye, sai a tafi ga rantsuwa a wurin tsafi, ko a ba mutum gwaska ya sha. In ya amayar ya kuɓuta, in ta kashe shi an ce gaskiya ta kama shi. Mai karatu zai ga cewa wannan da jan ƙarfen Ingila tunani ɗaya ne: mutane sun ji tsoron ɗaukar alhakin ran ɗan'uwansu, sai suka miƙa hukuncin ga abin da ba ya magana.

Yakubu da alƙalansa, 1805 zuwa 1902

Yakubu ɗan Dadi Bageri ne. An ce tun yana yaro aka ba da shi ga wani malami mai suna Isiyaku, ta hannunsa ya isa Degel ya yi karatu a gaban Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya karɓo tuta wajen 1805, ya yi zango a Inkil, sannan ya kafa birnin Bauchi a 1809 ya kewaye shi da ganuwa. An ce sunan garin daga wani maharbi ne mai suna Baushe da ya nuna masa wurin. Wannan labarin baka ne. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne Yakubu ya yi mulki har 1845, kuma ya zo da tsarin shari'a wanda jagororin jihadi suka riga suka rubuta.

Gyaran shari'a yana cikin manyan dalilan jihadin. A Kitabul Farƙi, Shehu ya soki sarakunan Haɓe da karɓar gaisuwa kafin a ji ƙara, da cin dukiyar mamaci, da karkatar da hukunci ga mai abin hannu. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don ya nuna wa masu mulki yadda ake naɗa alƙali da yadda ake zama. Littattafan da alƙali ke buɗewa na mazhabar Malikiyya ne: Risala, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfatul Hukkami na Ibn Asim.

A nan ya kamata a dakata, domin wanda ya ji an ce alƙali shi kaɗai ke yanke hukunci zai zaci yana yin yadda ya ga dama. Fiƙihu ya ɗaure hannunsa ƙwarai. Aikinsa na farko shi ne ya gane wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake ƙara, saboda kawo hujja a kan mai da'awa yake, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Hujja ita ce shaidu biyu adalai, a zina huɗu. Shaida ba ya shiga don kawai ya ce ya gani. Sai an yi masa tazkiyya, wato wasu mutanen kirki da suka san zamansa sun tabbatar ba maƙaryaci ba ne, ba mashayi ba, ba shi da wata riba a shari'ar. Wanda ake ƙara yana da damar sukar shaidan, ya nuna akwai gaba a tsakaninsu ko dangantaka da abokin shari'arsa. Kafin a rufe magana kuma sai an yi i'izari, a tambaye shi a gaban shaidu ko yana da sauran hujja. Hukuncin da aka yanke ba i'izari, rusasshe ne. In shaidu sun cika sun tsallake suka, alƙali ba shi da zaɓi sai ya bi su, ko da zuciyarsa ta so wani abu daban.

A shari'ar kisa jama'a sun fi shigowa ciki. In babu shaidu biyu amma akwai alama mai ƙarfi, kamar mamaci ya ambaci wanda ya sare shi kafin ya cika, sai a koma ga ƙasama: maza daga dangin mamaci su yi rantsuwa hamsin cewa wane ne ya kashe ɗan'uwansu. Bayan laifi ya tabbata, magada jini ke da ta cewa, ko ƙisasi, ko su yafe a koma ga diyya. Ke nan mutanen gari suna cikin shari'ar daga farkonta har ƙarshenta, a matsayin shaidu da masu tazkiyya da masu rantsuwa da masu afuwa. Abin da ba a ba su ba shi ne kujerar auna hujja. Wannan ta mai ilmi ce, da muftai a gefensa suna duba masa nassi.

Sama da alƙali akwai majalisar sarki, inda ake kai maganar ƙasa da zaluncin hakimai da manyan shari'o'in jini, sama da ita kuma akwai Sakkwato. Raunin tsarin ma a nan yake. Sarki ke naɗa alƙali, shi ke tuɓe shi. In sarki mai tsoron Allah ne, talaka ya sha iska. In ba haka ba, babu wasu mutum goma sha biyu da za su ce a'a. Ga kuma al'ummomin duwatsu waɗanda ba su shiga amana ba, su tsakaninsu da birni yaƙi ne da kamun bayi, ba zaman kotu ba. Tun daga zamanin Sarki Ibrahim, wanda ya gaji Yakubu, Ningi ta zame wa Bauchi ƙaya har ƙarshen ƙarnin.

Zuwan Turawa, 1902 zuwa 1947

A watan Fabrairun 1902 rundunar Kanar Morland ta iso Bauchi. Ba a yi yaƙi a birni ba. Aka tuɓe Sarki Umaru, hujjar da Turawa suka kafa kuwa ita ce harin da ya kai wa Gwaram. Charles Temple ya zama Razdan. Tun 1900 Gwamna Lugga ya riga ya fitar da dokar kotunan gargajiya, wadda ta bar alƙalai da majalisun sarakuna a kan aikinsu bisa sharuɗɗa: ba yanke hannu, ba horon da Bature ya ga ya saɓa wa tausayi, ba a zartar da kisa sai Turawa sun amince, kuma Razdan da Di'o suna da ikon buɗe littafin kotu su rage hukunci ko su soke shi. Daga baya aka kasa kotunan daraja huɗu, ta sama ita ke da ikon shari'ar kisa. Kusa da su aka kafa Kotun Lardi, inda Razdan da kansa ne alƙali, lauya ba ya shiga.

A Legas, wadda Ingila ta mallaka tun 1861, ana zaunar da juri a manyan shari'o'i. Me ya hana a kawo shi Arewa? A ganina dalilin a fili yake. Turawan 'yan kaɗan ne, kuɗinsu kaɗan, mulkinsu duka ya rataya a kan kwarjinin sarki. Juri kuwa, kamar yadda shari'ar 1670 ta nuna, hanya ce da talaka ke iya ƙin abin da hukuma ke so. Mai mulkin mallaka ba zai dasa wannan a ƙasar da ya ci da bindiga ba. Kariyar da Bature ke alfahari da ita a gidansu, a bakin teku ya bar ta.

Abin da ya faru a maimakon haka ya fi na da nauyi a kan talaka. Da aka kafa baitulmalin En'e, alƙali ya zama ma'aikaci mai albashi. Dogarai da 'yan doka na sarki ne, kotu ta sarki, gidan yari na sarki, sarki kuma yanzu ba ya tsoron tawaye ko tuhumar Sakkwato muddin Razdan na tare da shi. Mai kamawa da mai hukuntawa da mai tsarewa suka zama hannu ɗaya. An samu alƙalai masu gaskiya da tsentseni a wannan zamani, mutane na tuna su da alheri. Amma gaskiyarsu daga halinsu ta fito, tsarin bai tilasta ta ba.

A 1933 Gwamna Donald Cameron ya rushe Kotunan Lardi, ya kafa Babbar Kotu da kotunan majistare, ya buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan gargajiya zuwa na Turawa. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A shekarar 1947 ɗin ne hanyoyin biyu suka yi karo. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa. A Malikiyya, wanda ya kashe da gangan ya kashe, ko an tsokane shi ko ba a tsokane shi ba. A dokar laifuka ta Turawa kuwa, tsokana mai tsanani tana sauko da laifin daga kisan kai zuwa abin da bai kai a kashe mutum ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin. Sarakuna da malamai suka ga an taɓa shari'a a jijiyarta, aka shiga gyaran doka ana warwarewa fiye da shekara goma. A tsawon wannan lokaci ran mai laifi a lardin Bauchi yana iya dogara ga ƙofar kotun da aka fara shigar da shi.

'Yan Bauchi da gyaran 1960

Bauchi ba 'yar kallo ba ce a wannan gwagwarmaya. A farkon shekarun 1940 Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk suna garin, suna haɗuwa a zauren muhawara inda ake tattauna yadda En'e ke tafiyar da jama'a. A watan Agustan 1950 Abubakar ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, maganar da ta girgiza sarakuna. A cikin wannan watan kuma aka kafa jam'iyyar NEPU ta 'yan sawaba a Kano. Cikin shekarun da suka biyo baya 'yan sawaba da yawa a faɗin Arewa sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, bisa tuhumar zagin sarki ko taro ba izini, ba lauya, wani lokaci ba cikakken rubutu. Wannan ya ɓata sunan kotunan fiye da duk wata sukar Bature, domin an yi amfani da rigar shari'a an yi siyasa.

Waɗanda ba Musulmi ba su ma suna da nasu kuka, kuma lardin Bauchi cike yake da su. Sun shaida wa hukumar Willink, wadda ta zagaya ƙasa a 1957 da 1958 tana jin tsoron ƙananan ƙabilu, cewa shaidarsu ba ta da nauyi a kan Musulmi a gaban alƙali. Da mulkin kai ya matso, gwamnatin Sardauna ta aika wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda ƙasashen Musulmi ke yi, sannan a 1958 ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A ciki akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Alƙalin Bida Malam Musa. Shawararsu ta haifi kundin laifuka na Arewa, wanda aka ɗauko samfurinsa daga Sudan, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin 'yancin kai. Laifuka suka koma ƙarƙashin kundi ɗaya ga kowa. Aure da saki da gado da wasiyya da waƙafi suka zauna a hannun fiƙihu, aka kafa musu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Shehu Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. Juri bai shigo cikin gyaran ba.

Soja da jihohi, 1967 zuwa 1999

Abin da 'yan siyasa suka kasa, soja sun yi shi da doka ɗaya. Dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a Afrilun 1968, ta ƙwace kotuna daga hannun En'e ta miƙa su ga ɓangaren shari'a na gwamnati, ta kuma rufe kotunan sarakuna. Sarkin Bauchi Adamu Jumba shi ne na ƙarshe da ya zauna a matsayin mai yanke hukunci da ikon doka. Abin da ya rage wa fada shi ne sulhu, kuma har gobe mutane na kai mata. Bauchi tana cikin Jihar Arewa maso Gabas a lokacin, sai a ranar 3 ga Fabrairu 1976 ta zama jiha mai Babbar Kotunta da Kotun Ɗaukaka Ƙarar Shari'arta. A tsakiyar shekarun 1970 ɗin ne Legas ta daina zaunar da juri, tsarin ya ƙare a Nijeriya baki ɗaya, ko da yake Gana ta ci gaba da zaunar da mutum bakwai a shari'ar kisa. Soja sun kawo nasu salon, kotunan musamman na fashi da makami da na almundahana, inda hafsoshi ke zama a kujerar hukunci. Waɗannan sun ƙara nesanta hukunci daga jama'a.

A Afrilun 1991 rikici ya tashi a Tafawa Ɓalewa. An ce daga gardamar nama a kasuwa ya faro, amma tushensa tsohuwar takaddama ce a kan sarauta da ƙasa tsakanin Sayawa da masarauta. Wutar ta iso cikin birnin Bauchi, aka yi asarar rayuka masu yawa, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Babalakin. Duk mai sha'awar a kawo juri Bauchi ya tsaya ya yi tunani a kan wannan shekara. A zaɓo mutum goma sha biyu daga ina, su yi hukunci a kan wa? Amurka ta ɗanɗana irin wannan. A 1955 a jihar Misisipi, juri na fararen fata zalla sun wanke mutum biyu da suka kashe yaro baƙar fata Emmett Till, bayan shawarar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, daga baya mutanen suka amsa da bakinsu cewa su suka kashe shi. Juri yana kare talaka daga hukuma, amma ba ya kare bare daga 'yan gari.

Daga 2001 zuwa yau

Bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a Oktoban 1999, jihohi goma sha biyu suka dawo da shari'ar Musulunci a fagen laifuka. Ta Bauchi ta fara aiki a Yunin 2001, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Jama'a sun yi murna ta gaske, saboda sun gaji da kotun da ake shekara ana ɗage zama. Sai dai shekarun farko sun nuna abin da ke faruwa idan aka ɗauko horon fiƙihu aka bar sharuɗɗansa a baya. A Katsina, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta wanke wata mata mai suna Amina Lawal a Satumban 2003, kuma cikin dalilanta akwai cewa alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce su zama uku, ba a kuma karɓi janye iƙirarinta ba. A 2004 manyan kotunan shari'a na Dass da Ningi a Jihar Bauchi sun soke hukuncin jifa da aka yanke wa mata biyu. Malamai ne suka gyara kuskuren malamai, da littattafan da alƙalan Yakubu suka karanta. Wannan abin yabo ne, amma ya nuna cewa tsakanin talaka da mutuwa wani lokaci babu komai sai sa'ar samun wanda zai ɗaukaka masa ƙara.

A saman tsani abin ya bambanta. Can ba a barin mutum ɗaya. Kotun Ɗaukaka Ƙara tana zama da alƙalai uku aƙalla, Kotun Ƙoli biyar ko bakwai, rinjaye ke yin hukunci. Ɗan jihar nan, Ibrahim Tanko Muhammad na Giaɗe, wanda ya taɓa zama ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙarar Shari'a ta Bauchi, ya riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2019 zuwa 2022. Da Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen Gwamna Bala Muhammad a Janairun 2020, da kuma a Janairun 2024, jaridun Turanci na ƙasar nan sun kira abin verdict, ko da yake babu juri ko ɗaya a zauren. A Nijeriya kalmar ta koma nufin duk wani hukuncin kotu, har da na akwatin zaɓe. Ma'anarta ta asali sai a labaran waje ake jin ta, kamar a Afrilun 2021 da juri a Amurka suka sami ɗan sanda Derek Chauvin da laifin kashe George Floyd, sannan bayan wata biyu alƙali ya yanke masa shekara 22 da rabi.

Gwamna yana da manyan lauyoyi, kuma tsarin mulki ya ƙayyade kwanakin da za a gama shari'ar zaɓe. Mutumin da aka kama da zargin satar akuya ba shi da ko ɗaya. Lokacin da 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin Bauchi ranar 7 ga Satumba 2010, fursunoni fiye da 700 ne suka fita. A gidajen yarin Nijeriya kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na mazauna ba a yanke musu hukunci ba, jira suke yi. Su ba a kai ga tambayar farko ba ma, balle ta biyu.

Ban ga juri a matsayin maganin wannan ba, kuma na faɗi dalili. Amma matsalar da Ingila ta warware da juri tana nan a gabanmu: wa zai tsaya tsakanin alƙali ɗaya da mutumin da ba shi da kowa? Fiƙihu ya amsa da tazkiyya da i'izari da kawar da haddi in an sami shubuha. Dokar zamani ta amsa da lauya da rubutaccen bayani da ɗaukaka ƙara. Muna da duka biyun a takarda. Kirana ga Majalisar Dokokin Jihar Bauchi da shugabannin ɓangaren shari'a shi ne kada a bar shari'ar da za ta iya cin rai ko gaɓa a hannun alƙali shi kaɗai, kada a fara ta sai wanda ake tuhuma yana da mai kare shi, kuma duk irin wannan hukunci ya hau kotun sama ko da mai shi bai nema ba. Kai kuma mai karatu da ke da ɗan'uwa a tsare, ka sani sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, kuma in laifin ba na kisa ba ne, aka yi wata biyu yana tsare ba a yi masa shari'a ba, haƙƙinsa ne a sake shi, ko da bisa sharaɗi.